Ƙiyasin gini: sana'ar da ba a gaya wa ɗiya mata

Tun bayan gobarar da ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar Yamai a watan Afrilun 2021, da wadda ta biyo bayanta a Maraɗi cikin watan Nuwamba na shekarar, inda yara fiye da arba'in suka rasu idan aka haɗa biyun, babu mai musu cewa ajin zana ya kamata ya zama tarihi. Hukumomi da kansu sun ce irin waɗannan azuzuwa sun haura 30,000 a faɗin ƙasa. Ka ɗora da ɓarnar damanar 2024, wadda ta yi ajalin mutane fiye da 300, ta rusa gidaje ba adadi, har da tsohon masallacin Birni na Damagaram. Duk wanda ya haɗa waɗannan ya san shekarun da ke gabanmu na gini ne, ko da kuɗi ko babu. To amma gini ba daga haƙa tushe yake farawa ba. A kan takarda yake farawa, a hannun wani mutum da yawancinmu ba mu taɓa tambayar sunan sana'arsa ba.

Wannan mutum shi ne mai ƙiyasin gini, wanda ake kira metirer da Faransanci. Mai zane ya zana gida, injiniya ya faɗi kaurin ginshiƙi da yawan ƙarfen da zai ɗauki nauyi, shi kuma mai ƙiyasi ya zauna da zanen ya mayar da shi lissafi: ƙasa nawa za a haƙe, bulo nawa, buhun siminti nawa, rairai da tsakuwa tifa nawa, ƙarfe sanda nawa, kwano falle nawa, fenti bokiti nawa, ladan ma'aikata nawa. Takardar da yake fitarwa ita ce muke kira debi. A kanta ake kiran ƴan kwangila su yi takara, a kanta ake sa hannu, kuma da ita ake auna abin da aka yi kafin a biya.

Bari in nuna muku yadda abin yake, don kada a ɗauka wani tsafi ne. Ɗauki aji irin wanda muka saba gani, tsawo mita 9, faɗi mita 7. Kewayensa mita 32 ke nan. Idan tsayin bango mita 3 da rabi ne, faɗin fuskar bangon gaba ɗaya ya kama murabba'in mita 112. A cire gurbin ƙofa da tagogi, mu ce murabba'in mita 12, saura 100. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayin 20, guda 12 da rabi ke cika murabba'in mita ɗaya, wato bulo 1,250. A ƙara kashi 5 cikin ɗari saboda waɗanda za su fashe wajen lodi da saukewa, ya zama kamar 1,310. Wannan lissafin kewaye ne da faɗin fili da kaso cikin ɗari, abin da muke koya wa yara tun ajin ƙarshe na firamare. Daga nan ne abin ke zurfafa. Kankaren ginshiƙi da na dakali, wanda magina ke kira beto, ana haɗa shi da kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu bakwai masu kilo 50. Ƙarfen rodi yana zuwa sanda sanda, kowace mita 12, kuma ana sayensa da nauyi, don haka sai ka san cewa mita ɗaya ta ƙarfe mai lamba 12 ta kusa kilo ɗaya, ta mai lamba 8 kuwa ba ta kai rabin kilo ba. Sai ka san yadda za a yanka sanda ba tare da an bar guntaye masu yawa ba. Sai ka bi farashin kasuwa mako mako, ka san abin da tan ɗin simintin Malbaza zai kama idan ya iso Gure ko Dakwaro, domin kuɗin mota ma cikin lissafi yake.

Aikinsa ba ya ƙarewa ranar da aka ba da kwangila. A nan ma ya fi muhimmanci. Ɗan kwangila ba a biyansa gaba ɗaya, ana biyansa kashi kashi gwargwadon abin da ya gina, kuma wani ne zai je da ma'auni ya tabbatar. Akwai abubuwan da idan ba a ƙirga su a ranar ba, ba za a sake ganinsu ba har abada. Ƙarfen da ke cikin ginshiƙi, da zarar an zuba kankare, ya ɓace. Zurfin tushe, da zarar an mayar da ƙasa, sai Allah. Idan debi ya ce buhu bakwai aka sa biyar, idan ya ce ƙarfe mai lamba 12 aka sa mai lamba 10, idan buhun da ya kamata ya fitar da bulo talatin aka matsa masa ya fitar da arba'in da biyar, ranar buɗe aji babu wanda zai gane. Fenti sabo, ana ta tafi. Sai damana ta biyu ko ta uku bango ya fara tsagewa, iska ta ɗauke kwano, a koma ƙarƙashin zana. Mu da muke yini cikin waɗannan azuzuwa mun san irinsu. Na koyar a ajin da ake iya kankare bulonsa da farce, alhali shekararsa ba ta kai huɗu ba. Tauye mudu ne, sai dai mudun na yaranmu ne.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A duk shekarun da na yi ina koyarwa, na halarci karɓar sababbin azuzuwa sau da yawa, tare da ƴan kwamitin makaranta da wakilan magajin gari. Na ga mata cikin masu rangaɗa guɗa, na ga mata cikin masu kawo ruwan sha, wani lokaci na ga mace cikin wakilan ƙungiyar da ta ba da kuɗi. Amma mai riƙe da ma'auni da takardar debi yana duba ko abin da aka rubuta shi aka gina, namiji ne kullum. Ba cewa nake babu matan da suka karanci wannan fanni a Nijar ba, akwai su, kuma suna aiki. Amma ƙarancinsu ya kai inda ɗaliba za ta gama koleji ba ta taɓa ganin ko guda ba, ba ta ma taɓa jin cewa akwai sana'ar ba.

Idan ka tambaya, amsar da ke bakin kowa ita ce gini aikin ƙarfi ne, ba na mata ba. Wannan amsa tana ba ni dariya ta fuska biyu. Ta farko, mai ƙiyasi ba ya ɗaukar bulo. Kayan aikinsa alƙalami ne da na'urar lissafi da kwamfuta da ma'aunin mita. Kaso mafi yawa na aikinsa a zaune yake yinsa. Ta biyu kuma, ku je wurin gini ku gani da idonku. Wa ke jido ruwa a ka? Wa ke zaune cikin rana a bakin gari yana fasa dutse ko tankaɗe tsakuwa don a sayar wa masu tifa? Mata ne, da yawansu da goyo a baya. Ashe aikin ƙarfin da ba ya da albashi ba a hana su ba, na zaman inuwa mai albashi shi ne ya yi musu nauyi. A al'adarmu ma ba a taɓa raba mata da gini gaba ɗaya ba. Magina maza ne, har da sarautarsu ta Sarkin Magina, amma daɓen ɗaki na mata ne, da waƙoƙinsa da gayyarsa, haka ma shafe da adon bango a ƙauyuka da yawa. Wajen maƙwabtanmu Buzaye kuwa, mace ce mai bukka, ita ke haɗa kayanta, ita ke kafa ta, ita ke kwance ta ranar tashi.

Lissafin ma ba baƙonsu ba ne. A jihar Maraɗi aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, inda matan ƙauye, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, suke tara kuɗi mako mako, su ba da bashi, su lissafa riba, su raba a ƙarshen zango ba tare da dala ɗaya ta yi ɓatan dabo ba. Tsarin ya yi kyau har wasu ƙasashe suka kwafa. Uwar da ke shirin aurar da ɗiya tana yin ƙiyasi na gaske: gado, katifa, kwanoni, labule, gara, abin da za a saya yanzu kafin ya yi tsada, abin da za a jinkirta, abin da dangi za su kawo. Debi ne, ba a dai rubuta shi a kwamfuta ba. Idan uwa na iya wannan da ka, ɗiyarta da ta yi shekara goma a lakwal me zai gagare ta?

Inda ake rasa su, a ganina, makaranta ce, kuma nan ne na fi sani. Kowa ya san babban rami: ƙididdigar da aka fi ambata ta nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan ƙasar nan ana aurar da su kafin su cika shekara 18. An yi dokar kare karatun ɗiya mace a watan Disambar 2017, amma doka a takarda daban, abin da ke faruwa a ƙauye daban. Wannan an sha faɗarsa. Ni maganata a kan waɗanda suka tsallake ramin ce, waɗanda suka kai ajin ƙarshe na koleji suka ci jarrabawar BEPC, wasunsu da makin lissafi da ya fi na duk mazan ajin. Me ake gaya musu lokacin zaɓen inda za su nufa? Ana cewa ki tafi fannin adabi, ya fi sauƙi. Ki shiga makarantar horon malamai, shekara kaɗan kin fara ɗaukar albashi. Ki yi aikin jinya ko ungozoma, ki yi sakatariya. Duk sana'o'i ne masu daraja, ni kaina daga makarantar horon malamai na fito kuma ban raina ta ba. Amma ba a gabatar musu da su a matsayin zaɓi cikin zaɓuɓɓuka, ana gabatar da su a matsayin iyakar duniya. Namiji mai maki goma sha biyu a lissafi a ce masa injiniya, mace mai goma sha shida a ce mata malama.

Wannan ba mugunta ba ce daga abokan aikina, yawanci rashin sani ne da kuma tausayi da bai dace ba. Malamai da yawa ba su san hanyar ba ballantana su nuna ta. Alhali hanyar tana nan. Daga BEPC ana iya shiga makarantar fasaha irin Lise Dan Kasawa ta Maraɗi a karanci fannin gine-gine har a ci bak. Mai bak ɗin kimiyya ko na fasaha yana iya shiga sashen gine-gine na cibiyar fasaha ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko makarantar EMIG a Yamai. A cikin waɗannan darussa ake koyon ƙiyasi da fitar da farashi. Ba sai an je Faransa ba, ba sai an yi shekara bakwai ba. Sai dai akwai wani ƙaramin abu da ke kayar da yara mata da yawa wanda ba a rubuta shi a kowace takarda: masauki. Makarantun fasaha a manyan garuruwa suke. Yaro daga Mayayi ko Tanut za a haɗa shi da abokai biyar a ɗaki guda a ce Allah ya taimaka. Yarinya kuwa, idan babu gwaggo ko inna amintacciya a garin, uba ba zai sake ta ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sau da yawa ba lissafi ke yanke wa yarinya makoma ba, rashin ɗakin kwana ne.

Wadda ta jure ta samu takardar shaida kuma, wani shingen na jiranta. Wannan sana'a ba a gama koyonta a aji. Sai an yi zaman koyon aiki, an taka wurin gini, an ga yadda mai ɗaurin ƙarfe ke aiki, an yi gardama da ɗan kwangila a kan santimita biyar. Abin da ke faruwa a kamfanoni da yawa shi ne, idan saurayi da budurwa suka zo koyon aiki tare, shi a ba shi hular kwano a sa shi a mota, ita a nuna mata tebur kusa da ƙofa ta riƙa buga debin da wani ya lissafa, tana amsa waya. Bayan wata shida shi ya san aiki, ita ta san buga takarda, sai a ce ai ka gani, mata ba su iya fili ba. Sannan ga yadda kasuwar kwangila take tafiya a garuruwanmu. Labarin aikin da za a fitar, da wanda ke neman mai yi masa debi, ba a ofis ake jinsa ba. A fada ake jinsa bayan isha'i, ana shan shayi, wurin da mace mai mutunci ba za ta zauna ba. Ba na maganar maganganun banza da kallon raini da wasu ke fuskanta a wurin gini, wanda kowa ya san akwai, kuma shugaban aiki ɗaya mai tsare gida ya isa ya kashe shi cikin mako guda idan ya ga dama.

Iyaye suna da nasu tambayoyin, kuma bai kamata a yi musu ba'a ba. Uba zai ce, ɗiyata za ta yini cikin ƙartai? Za ta riƙa kwana a ƙauyuka? Wane miji ne zai yarda? Tambayoyi ne na gaskiya. Amma mu dubi abin da muka riga muka yarda da shi. Ungozoma tana kwana a asibiti, tana aiki da likitoci maza. Malama ana tura ta ƙauyen da ba ta san kowa ba, tafiyar yini daga gidansu. Ƴar kasuwa tana zuwa Kano ko Kwatano sarin kaya. Duk mun karɓi waɗannan. Mai ƙiyasi kuwa tana iya zuwa wurin gini da safe, da hijabinta da hular kwano a kai, ta auna abin da za ta auna cikin awa biyu ta koma. Kuma cikin duk sana'o'in gini babu wadda ta fi dacewa da mai iyali kamar wannan, domin wadda ta ƙware tana iya karɓar zane a waya, ta yi lissafinta a ɗakinta bayan yara sun yi barci, ta aika da debi a biya ta. Sana'ar da ba ta mutuwa don an yi aure ko an yi haihuwa, ai ita ya kamata uba mai hangen nesa ya nema wa ɗiyarsa.

Akwai wata hujja da masu goyon bayan mata ke yawan kawowa wadda ni ban yarda da ita ba. Suna cewa a sa mata domin mata ba su cin hanci. Wannan yabo ne mai kama da tarko. Amana ba ta da jinsi, kowa ya ga mace mai gaskiya ya kuma ga wadda ta cinye kuɗin adashi. Idan aka shigo da su da wannan suna, ranar da ɗaya ta yi abin kunya sai a ce duk an gwada an gani. Hujjojina sun fi wannan sauƙi. Ƙasar da ke da dubban azuzuwa da gidaje da asibitoci na ginawa, kuma ba ta da isassun masu iya bin diddigin aiki, ba ta da dalilin zubar da rabin masu kai. Sannan sana'ar da ƴan tsiraru ke riƙe da ita, waɗanda duk aji ɗaya suka yi, fada ɗaya suke zama, mai auna aiki abokin mai yin aiki ne tun ƙuruciya, tana da saurin ruɓewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawaita masu sana'ar da shigo da waɗanda ba na cikin da'irar ba yana rage wannan, ko maza ne ko mata.

Akwai kuma abin da ido ke gani saboda inda mutum ya fito. Idan kuɗin aiki suka gaza, wani ne ke zama da debi yana neman layin da za a soke. Abin da na sha gani ana fara sokewa a makarantu shi ne ban-ɗaki da wurin ruwa, a ce za a yi daga baya, daga bayan da ba ya zuwa. Duk malamin da ya riƙe babban aji ya san yarinyar da ta fara girma, idan babu ban-ɗaki mai ƙofa, tana fashin kwanaki kowane wata, daga fashi kuma sai bari. Macen da ta taɓa zama a wannan benci ba za ta ga layin ban-ɗaki a matsayin ƙawa ba. Ba dole ta yi nasara a gardamar ba, amma aƙalla za a yi gardamar.

Ga kuma wata kasuwa da babu mai kula da ita. Mata nawa ne ke gini a garuruwanmu yau? Ƴan kasuwa masu tara jika jika su sayi fili, zawarawa da marayun da aka bar wa kango, da matan ƴan ci-rani waɗanda mazansu ke Libiya ko Aljeriya ko Abijan suna aiko da kuɗi a gina musu ɗaki biyu. Yawancinsu a hannun magini da wani ɗan uwa suke, abin da aka ce musu shi ne. An ce buhu sittin, to sittin. Kuɗi su ƙare gini na daidai taga, a yi ta zargin juna, zumunci ya lalace. Matar da ke cikin kulle ba za ta zauna da baƙon namiji su yi awa guda suna bin takarda layi layi ba. Amma da mace ƴar uwarta za ta zauna, ta tambayi abin da ba ta gane ba ba tare da kunya ba. Ladan debin ƙaramin gida bai kai kuɗin buhunan da ke salwanta a irin wannan gini ba.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne a baya, ko kuma abin zai gyaru da kansa. A ƙasashen da Ingila ta raina, ƙiyasin gini sana'a ce mai zaman kanta da digirinta da ƙungiyarta, ba reshe ba ce cikin karatun gine-gine kamar yadda take a wurinmu. Babbar ƙungiyar masu awo da ƙiyasi ta Ingila, RICS, an kafa ta a 1868. Sai a 1922 mace ta farko, Irene Barclay, ta samu shaidarta, kuma sai a 2014 mace ta shugabance ta. A Najeriya an kafa ƙungiyar masu ƙiyasin gini a 1969, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da fannin tun shekarun 1970, amma sai a 2015 mace ta farko, Mercy Iyortyer, ta hau kujerar shugabancin ƙungiyar. Abin da matan can suka yi wanda ya kamata namu su duba shi ne sun kafa reshensu a cikin sana'ar, manya na jan ƙanana. A gida kuma muna da misalin da ya isa a nuna wa kowace ɗaliba, ko da yake ita mai zane ce ba mai ƙiyasi ba: Mariam Issoufou Kamara, wadda ta fara da karatun kwamfuta kafin ta koma zanen gine-gine, kuma tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gina sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa da bulon ƙasa matsattse, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu. Magina maza ne suka yi aikin, kuma ba a ji sun ajiye cebur don mace ce ke ba da umarni ba.

Abin da za a yi ba ya buƙatar taron bita a otal. Makarantun fasaha su samu ɗakin kwanan ƴan mata mai tsaro da uwar ɗaki, ko na mutum ashirin ne, wannan shi ne na farko, kuma ya fi tallafin karatu amfani ga ɗiyar talaka. Ma'aikatun magajin gari da ƙungiyoyin da ke ba da kwangilar azuzuwa suna iya rubutawa cikin sharuɗɗa cewa kowane kamfani ya ɗauki ɗalibai masu koyon aiki, da mace a ciki, kuma sunanta ya fito a takardar awon da aka yi a fili, don kada a ajiye ta bakin waya. Ƙasar da ta sa wa majalisa da gomnati kason mata tun dokar shekarar 2000 ba za ta ce wannan baƙon abu ne ba.

Sauran kuma namu ne, malamai da ƴan kwamitin makaranta da ƙungiyar iyaye mata. Duk makarantar da ake gina wa aji, kwamiti na da damar neman kwafin debi, domin ba sirri ba ne, kuɗin jama'a ne. A karɓo shi a kai aji. Darasin lissafi na makon ya zama shi: a ba yara ma'auni, mata da maza, su auna bangon da ake ginawa, su lissafa bulo, su ƙirga buhunan da aka sauke, su gwada da abin da ke rubuce. Ɗan kwangilar da ya san yara sittin na ƙirga masa buhu zai yi tunani kafin ya rage. Yarinyar da lissafinta ya fito daidai da na takarda kuma, a gaya mata a gaban kowa cewa abin da ta yi yanzu sana'a ce, tana da suna, ana biya, kuma ga makarantar da ake koyonta. Sannan kafin lokacin cike takardun zaɓen makaranta ya zo, malamin lissafi ya taka har gida ya zauna da mahaifinta.